Gwiwar Mai Lamba Tara

Sakatare ya ture takardar gefe, ya ce ba zai sa hannu ba. Shugaban ƙungiyar ƙwallon ƙafa ya zare tabarau ya ƙare masa kallo.

Takardar sunayen waɗanda za su buga wasan ƙarshe ce da yammar nan. A ciki har da mai lamba tara, wanda gwiwarsa ta kumbura suntum tun ranar Laraba. Likita ya ce allura ɗaya za ta kashe zafin na awa biyu. Sakatare kuwa ya san allurar nan ciki da waje. Shekara talatin da suka wuce, lokacin da shi ke sanye da lamba tara ana kiransa Guguwa, sau uku aka yi masa ita. Yau ga Guguwa sai da sanda yake hawan matakala, salla ma a kan kujera yake yi.

"Ranka ya daɗe, in ya buga yau, ƙafar ta tafi ke nan."

Shugaba bai ɗaga murya ba. Ya ce shekara goma sha takwas a ofis ai an yi ƙoƙari, a je a huta, mataimaki ma yana da biro. Sakatare ya ajiye makullai a kan tebur ya fito.

A baranda ya ci karo da mai lamba tara, wanda labari ya riga ya kai masa. Ya miƙa masa hannu, ɗan wasan bai karɓa ba.

"Baba, kai ka ci kofinka, ga hotonka can a bango. Nawa ne kake wa baƙin ciki?"

Wannan maganar ta fi korar yi masa ciwo. Ya so ya ɗage wandonsa ya nuna masa tabon, sai ya ji kunya.

Yana cikin bas a hanyar gida, direba ya ƙure rediyo. Saura minti huɗu a tashi daga wasan, mai lamba tara ya jefa ƙwallo a raga. Motar ta kaure da ihu, har wani fasinja ya rungume Sakatare. Cikin hayaniyar mai sharhi ya ƙara da cewa gwarzon ya zauna a ƙasa yana riƙe da gwiwa, amma ba wani abu ba ne. Ba wanda ya ji sai Sakatare.

"Tsoho, ba ka murna? Ko ba ka san ƙwallo ba ne?" in ji fasinjan.

Sakatare ya gyara sandarsa tsakanin ƙafafunsa.

"Na ɗan taɓa bugawa," ya ce.