Maganin Malam Babaji a Cikin Hula

Shekarar da soja suka koma bariki ne maigidana, Malam Babaji, ya fara tari. Ya ce ƙaiƙayin gero ne na kasuwa. Sai da ya rame ya zama kamar sillen kara sannan na kora shi asibitin unguwarmu, nan Ƙofar 'Yandaka. Aka auna majinarsa, aka ce tarin fuka ne. Magani kyauta, amma dole kullum ya haɗiye shi a gaban ma'aikacin lafiya.

To wa aka ba aikin? Ɗanladi, mijin ɗiyarmu Rabi, da ke aiki a asibitin. Yo fisabilillahi, wane dattijo ne zai buɗe baki ya sa abu a gaban surukinsa?

Kowace safiya Ɗanladi zai tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa, ya gaida Malam, ya gaida tarin, ya gaida kasuwa. Sai ya miƙa ƙwayoyin da hannu biyu, ya juya ya ƙura wa bango ido. Malam kuwa sai ya kurɓi ruwa da ƙarfi yadda za a ji, ya yi hamdala, ya cusa jajayen ƙwayoyin a naɗin hularsa. Kowa ya fita kunyar kowa, tari kuma yana nan yana cin mutum.

Mai wankin hula ne ya tona asiri. Ya dawo da farar hular ta koma ja, yana rantsuwa shi bai sa mata komai ba, yana tsoma ta ruwan ya rine.

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don mutumin nan shi kaɗai gare ni. Washegari na tsaya musu a zaure. Malam ya ce yanzu mulkin farar hula ake yi, ba mai tilasta wa wani. Na ce tasa hular dai ta daina zama fara. Na juya kan Ɗanladi, na wanke shi tas, na tambaye shi ko bangon gidanmu gwamnati ta turo shi ya yi jinya.

Bai ɗago ba. A hankali ya ce, "Baba, mun auna majinar mutanen gidan nan. Inna ma ta kamu."

Malam ya juyo ya dube ni. Ya miƙa hannu.

"Ɗago ka dube ni, Ɗanladi."

Malam ya karɓi ƙwayoyin, ya watsa su a baki, ya haɗiye, har ya buɗe bakin ya nuna masa, su biyun gumi na karyo musu.

Sai Ɗanladi ya juyo wajena da wasu ƙwayoyin da kofin ruwa. Ni da na gama zazzaga faɗa yanzu-yanzu, na ja mayafi na rufe fuska, na roƙe shi don Allah ya ɗan dubi bango.

Malam ya ce, "Kada ka kuskura. Zuba mata ido."