Ruwan Butar Bai Daskare Ba

Sai da Bot ya gama liƙe ƙofar da walda, sannan ya ga butar.

Koriya ce, ta roba, a kan matakala. Ya taɓa ta da ƙafa, ruwan ciki ya motsa. A sanyin ranar nan, ko yawu ka tofar kafin ya sauka ya daskare. Wanda ya ajiye ta bai daɗe da shiga ba.

Mako biyu ke nan da tashin bam a Manhattan. Aka ba da umarni a toshe duk ƙofar da ke shiga ramin bututun ruwan zafi a unguwar St. George kafin guguwar dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Babu mai sake leƙowa nan sai bayan kwana uku.

Bot ya san butar. Ta Issoufou ce, dattijon Nijar mai sayar da safar hannu a tashar jirgin ruwa. Ba shi da takardar zama. Idan sanyi ya ci ƙarfinsa, a ramin nan yake yin azahar, kusa da ɗumin bututu. Kullum sai ya tsokani Bot: "Ɗan Jos, kai da sanyi ai uwarku ɗaya."

Kafin ya kunna wutar walda, Bot ya leƙa ya yi kira sau uku, yadda doka ta ce. Da Turanci. Tun ranar bam ɗin ya daina Hausa a wurin aiki. Mutumin da ba shi da takarda kuwa, in ya ji Turancin hukuma, numfashinsa ma ɓoyewa yake yi.

"Ka gama?" in ji ɗan sandan da aka haɗa shi da shi. "Mu wuce, dusar ta fara."

Bot ya sake kallon butar. In ya buɗe, ya miƙa musu Musulmi marar takarda daga cikin ramin da suke tsoro. In ya wuce, kwana uku ne, ga mutum da azumi a baki.

Ya daki ƙarfen da guduma.

"Baba Issoufou. Ɗan Jos ne. Kana ciki?"

Can wata murya ta fito, ƙasa-ƙasa.

"Ina ciki, ɗana. Sun tafi?"

Ɗan sandan ya ja da baya, hannunsa a kan bindiga. Ba ƙofar yake kallo ba, Bot yake kallo.

"Wane yare ne wannan?"

"Na gida," in ji Bot.

Ya sauke gilashin walda a fuskarsa, ya fara yanke abin da ya liƙe.