Ruwan Rigar Malam Bawa

Ranar da lokotoro a Magariya ya taɓa kullutun da ke nonon yayata Zulai, bai yi mana kwana-kwana ba. Ciwon daji ne, a tafi Damagaram a cire shi tun yana ƙarami. Ya rubuta takarda, ya sa rana.

Sai ga mijinta, Malam Bawa, ya wayi gari masani. Mutumin da lambar takalminsa ma sai an karanta masa, ya ji saƙon murya a salula, wai masu bincike sun ciro wani sinadari daga siliki da ke kashe ƙwayoyin daji a cikin kwalba. Kwalbar ce kawai ba ta shiga kunnensa ba.

"Asabe, aje takardar nan," ya ce mini. "Ba mai yanka mini mata alhali magani na cikin adakata."

Maganin kuwa babbar riga ce da ya gada wurin mahaifinsa, mai aikin zaren tsamiya, silikinmu na gida da tsutsa ke yi. Ya cusa ta a tukunya, ya dafa kamar ganda, ya tace. Safe da yamma Yaya na shan ƙoƙo guda tana runtse ido.

Haushi ya ishe ni, na hau kabu-kabu har Sassumbrum na ɗauko Inna Juwairiyya, tsohuwar da ta yi kaɗin tsamiya tun tana budurwa. Ta leƙa tukunyar, ta riƙe haɓa.

"Ɗana, ai ba a kaɗa tsamiya sai an dafa ta da ruwan toka, danƙon ya fita tas, a zubar. In ma da magani, rariya ta shanye tun ba a haife ka ba. Zufar ubanka kake ba ta."

"Inna, wannan ilimin zamani ne, ba na mazari ba," in ji shehin malami.

Ranar da aka sa mana ta wuce. Aka yanke gero, aka rore wake. Na roƙi Yaya mu sulale mu tafi, ta ƙi.

"Haba Asabe, mutum ya dafa rigar ubansa saboda ni, in kunyata shi?"

Wannan magana ta fi komai ƙona mini rai.

Sai da hannunta ya kumbura Malam Bawa ya ba da izini. A Damagaram lokotoro ya dubi kwanan watan da ke takardar, ya dube ni.

"Wata biyar kuna ina?"

Yaya ba ta ga azumi ba. A zaman makoki Malam Bawa ya fito cikin rigar nan, ta koɗe, ta tsuke masa a wuya. Ina daga cikin gida ina jin maza na yaba masa, wai ya yi iyakar ƙoƙari, har rigar gado ya sadaukar. Wani ma ya tambaya ko za ta gyaru.

Takardar tana nan ƙarƙashin tabarmata. Ba wanda ya tambaye ta.