Ƙarar da ke Bayan Muryar Inna

Shayin yana da ɗaci da warin ƙasa, kamar an jiƙa tsohon buhu a ruwan zafi. Rachida ta shanye shi a kurɓi uku, ta ajiye kofin a gefen katifa, ta gyara ɗankwalinta. Ta taga tana hango wani jan doki yana cin ciyawa a bakin shinge, ba ruwansa da kowa. Ƙarfe goma na safiyar Asabar ne, a wata gona da ke Summerfield, a ƙasar Turawa inda take zaune. Mijinta Maazou yana gida da 'yarsu Houda, a zatonsa ta tafi ƙarin aiki.

Wata takwas ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyarta, can Damagaram. An gaya mata cewa Inna ta kwanta lafiya lau, da asuba aka je tashinta salla aka tarar rai ya yi halinsa. Rachida ba ta je ba, don takardun zamanta suna hannun hukuma, kuma lauya ya ce muddin ta fita ƙasar kafin a kira ta intabiyu, za ta iya yin shekara goma ba ta dawo ba. Ta karɓi gaisuwa a falonta, mata suka kawo abinci, aka yi addu'a aka watse. Tun daga nan ta zama kamar gidan da aka kwashe kayansa. Tana zuwa aiki gidan kula da tsofaffi, tana dafa abinci, tana yi wa Houda kitso, amma ko sau ɗaya ba ta yi kuka ba.

Yemima ce ta kawo ta nan, abokiyar aikinta, 'yar Kafanchan. Ita ma ta taɓa zuwa bayan rasuwar mijinta. Ta ce akwai wata baturiya, Serah, tsohuwar nas, da ke zama da masu baƙin ciki tana ba su shayin wani irin naman kaza, wanda ke tsirowa a ƙasa, mai juya hankali na 'yan sa'o'i.

"Kayan maye ne, Yemima," in ji Rachida a lokacin. "Da wane ido zan tsaya salla?"

"Ni dai na san na shiga a mace na fito da rai. Sauran tsakaninki da Allahnki."

Wata biyu ta yi tana juya maganar kafin ta yarda.

Da farko ba ta ji komai ba sai tashin zuciya. Can sai katakon rufin ɗakin ya fara numfashi. Tsoro ya kama ta, ta shiga karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, ta ji hannun Yemima a kan nata. Sannu a hankali tsoron ya janye. Ta dubi dokin nan, sai ta ga babu wani tsakani da ya raba ta da shi, numfashi ɗaya ne ke shiga cikinsa yana fita ta cikinta, ciyawar ma haka. Ta ji akwai wani abu a can ƙasan zuciyarta da yake zaune shiru yana kallo tun tana yarinya, bai taɓa barci ba, bai taɓa ruɗewa ba, ita ce dai ba ta taɓa waiwayarsa ba.

Sai muryar Inna ta zo. Ba wata sabuwar magana ba ce, saƙon muryar nan ne na ƙarshe da ke wayarta, wanda ta saurara har ta haddace: "Auta, ina lafiya, kar ki damu. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan takwarata." Amma yau saƙon ya buɗe kamar albasa, ɓawo bayan ɓawo. Ta ji numfashin da Inna ke ja kafin kowace kalma. Ta nemi carar zakara, babu. Ta nemi daka daga gidan maƙwabta, da kukan awaki, da rediyon da Inna ba ta kashewa, duk abubuwan da kan cika kowane saƙo nata tsawon shekara shida. Babu ko ɗaya. A can ƙarƙashin shirun sai wata 'yar ƙara siririya, tit, tit, tit, ba ta sauri ba ta jinkiri.

Rachida ta san ƙarar nan. Kullum tana jin ta a wurin aiki, daga na'urar da ke gefen gadon waɗanda jikinsu ya yi tsanani.

Kukan da ya ƙi zuwa wata takwas ya zo gaba ɗaya, har sai da Serah ta kawo tawul.

Da la'asar, hankalinta ya dawo daidai, Serah ta zauna kusa da ita ta yi mata magana da Turanci a natse. Ta ce kar ta yanke hukunci a kan komai sai bayan sati biyu, don wani abin da mutum ke gani gaskiya ne, wani kuma tsoronsa ne kawai ya canza kama. Rachida ta gyaɗa kai. A mota, Yemima na tuƙi, ta sa abin sauraro a kunne ta ƙure ƙarar wayar. Ta ji wani abu kamar ƙarar, kuma kamar ba ita ba. Ta miƙa wa Yemima da suka tsaya a danja.

Yemima ta saurara sau biyu. "Wallahi ban sani ba. Kamar akwai. Amma ke kika gaya mini abin da zan nema."

Kwana tara ta daure. Ta yi wanka ta rama sallolinta, ta yi istigfari ba adadi. Amma abin da ta sani ya ƙi komawa inda yake. Sai ƙananan abubuwa suka riƙa tasowa da kansu. Makonni ukun ƙarshe Inna ba ta ɗauki kiran bidiyo ba, kullum sai yayarta Assibi ta ce rezo ba kyau, waya ba ta kamawa. A makonnin nan ne Maazou ya koma amsa waya a baranda. A makonnin nan ne ya sayo mata sabon gyale ba salla ba biki.

Ranar Litinin da yamma ya dawo daga kamfanin da yake tuƙa motar ɗaga kaya, ya ci shinkafa da wake, Houda tana kallon katun a ɗaki. Rachida ta ajiye wayar a gabansa ta kunna saƙon.

"Baban Houda, me kake ji?"

"Muryar Inna, Allah ya jiƙanta."

"Bayan muryar."

Ya ɗauki kofin ruwa ya sha. "Ban ji komai ba."

"Inna a asibiti ta yi wannan saƙon."

"Wa ya gaya miki?"

Da ya ce mata wane irin asibiti, ko ya yi dariya, da wataƙila ta yi shakka. Amma tambayar da ya yi ita ce wa ya gaya mata. Ta dube shi, ya kawar da kai.

"Ba wanda ya gaya mini. Ji na yi."

Ba ta iya ƙarya mai tsawo ba, don haka da ya matsa sai ta gaya masa komai, gonar da shayin da Yemima. Fuskarsa ta canza, kuma abin da ta gani a cikinta ba fushi kaɗai ba ne, har da sauƙi, irin na wanda ya samu ƙofar fita.

"Innalillahi. Ke Rachida? Matar aure, uwa, ki je daji wurin baturiya ki sha ƙwaya, ki dawo ki titsiye ni da abin da maye ya nuna miki? Kin san in aka kama ki takardunki sun tashi a banza? Firij ma yana irin wannan ƙarar. Shaiɗan ne ya yi wasa da hankalinki." Ya sassauta murya. "Ba zan gaya wa kowa ba. Ki tuba, mu rufe maganar."

Ya kama hannunta. Ta bar shi ya riƙe, tana jin kunya na rufe ta kamar ruwan sanyi. Kwana biyu ta yi tana ganin wataƙila gaskiyarsa ne. Ita ce ta yi ƙarya ta fita, ita ce ta sha abin da bai halatta ba. Wa zai yarda da kunnen mashayi?

Ranar Alhamis da safe, bayan ta ajiye Houda a makaranta, ta tsaya a shagon kayan Afirka da ke Gate City Boulevard don sayen kuka da daddawa. Ba ta shiga ba. Ta zauna a mota a filin ajiye motoci ta kira Damagaram, inda azahar ta riga ta yi.

"Yaya Assibi, ina wuni."

"Auta! Lafiya lau. Ya Houda? Ya maigidan?"

"Yaya, kwana nawa Inna ta yi a lopital?"

 Ta ji zakara yana cara a can nesa, da muryar mai tallar fura.

"Maazou ya gaya miki?"

Rachida ta rufe ido. "Kwana nawa?"

"Sha tara." Muryar Assibi ta karye. "Zuciya ce. Ranar da ta faɗi na kira wayarki, kina aiki, ba ki ɗauka ba, sai na kira shi. Ya ce don Allah kar a gaya miki, in kin ji ba mai riƙe ki, kuma in kin fito kin rabu da 'yarki ke nan. Shi da kansa ya sa aka mai da ita kilinik mai kyau, bai rage komai ba, wallahi ya yi ƙoƙari. Inna ma da farko ta yarda. Ita ta ce a kawo waya ta yi miki saƙo."

"Da farko."

Assibi ta yi kuka sosai kafin ta iya ci gaba. "Kwana huɗun ƙarshe sai ta canza. Ta ce a kira mata auta ta gan ta ko a waya ne. Na gaya wa Maazou. Ya ce in kin ga fuskarta shi ke nan, mu ƙara haƙuri, lokotoro ya ce akwai sa rai. Ita kuma ta ƙi cin abinci. To sai muka ce mata kina hanya."

"Kuka ce mata me?"

"Mun ce kin hau jirgi. Don ta ci abinci, Auta. Kullum sai ta ce a gyara mata kallabi kar ki tarar da ita haka. Duk wanda ya turo ƙofa sai ta ɗago kai."

Wata mota ta tsaya kusa da tata, wani Alhaji ɗan Gana da ta sani ya fito ya ɗaga mata hannu. Ta ɗaga masa. Assibi tana ta roƙon gafara a waya, tana cewa su ma ba su yi barci ba tun ranar, tana tambaya yaya aka yi ta sani. Rachida ta ce za ta sake kira, ta kashe. Ta daɗe tana kallon ƙofar shagon tana buɗewa tana rufewa.

Ba ta yi faɗa ba da ya dawo. Ta gaya masa ta yi magana da Assibi, ta faɗi adadin kwanakin, ta faɗi maganar jirgi. Maazou ya zauna a hannun kujera da takalmin aiki a ƙafarsa.

"Don Houda na yi," in ji shi. "Don ke. Shekara goma, Rachida. Da yarinyar nan ta girma ba uwa."

"Wataƙila da na zauna. Wataƙila da na kalle ta a waya na yi mata sallama na zauna. Ba ka bar ni na zaɓa ba." Ta naɗe rigar Houda da ke hannunta. "Wannan duk zan iya ɗauka wata rana. Amma ranar Litinin ka dubi idona ka ce Shaiɗan ne. Ka bar ni kwana biyu ina zaton na haukace."

Ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa.

Takardar intabiyu ta iso bayan sati uku. Lauya ya ba su jerin tambayoyin da akan yi wa ma'aurata don a tabbatar aurensu na gaske ne, ya ce su yi bita. Ranar Lahadi da hantsi suka zauna a teburin kicin, takardar a hannunta.

"Ranar haihuwata?"

"Sha ɗaya ga Maris."

"Wane gefen gado nake kwana?"

"Wajen taga."

"Kalar buroshina?"

"Kore."

"Me nake fara yi in na dawo daga aiki?"

"Ki wanke ƙafa, sannan ki buɗe firij ki rufe ba ki ɗauki komai ba." Ya ɗan yi murmushi, yana neman nata.

Tambaya talatin da biyu, bai kuskure ko ɗaya ba. Rachida ta ninke takardar gida huɗu, ta ɗora kwalbar gishiri a kanta.

"Duk ka ci," ta ce. "Ka san ni sarai."

"Na san ki."

"Shi ya sa ba ka gaya mini ba."

"Shi ya sa," in ji shi, a hankali.

Daga ɗaki Houda ta kira da Turanci tana neman ruwa. Dukansu biyu suka miƙe lokaci ɗaya, sai Maazou ya tsaya ya ba ta hanya.