Wa Ya Kwance Bunsurun Kambai?

Kambai ya duƙufa yana wasa wuƙa a bakin rijiya, matarsa Liyatu ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"Baban Hadassah, wai kai za ka yanka?"

"Ba ni da hannu ne?"

"Kana da shi. Amma in ka yanka, rabin gidan nan ba mai taɓa namanmu."

Ya sani sarai. Tun da suka kama haya a wannan gida na Fadikpe, duk Kirsimeti maƙwabcinsu Alfa Ndagi, tela mutumin Bida, ke yanka musu dabba don Musulmin gidan su ci hankali kwance. Bana kuwa ko gaisuwa ba ta haɗa su. Zaɓen kansila ne sila. Ranar da ɗan takarar Kambai ya sha ƙasa, Alfa ya zo jaje ya ce, "Haƙuri, Allah ke ba da mulki ga wanda ya so." Kambai ya ce shi Allahn da ya sani ba ya gudu da akwatin ƙuri'a a kan babur, mutane ke yi, su kuma za a tuhuma. Shi ke nan zumunci ya tsinke. Duk yamma in ya kalli bencin da suka saba shan rake a kai shi da Alfa, sai ya kau da kai.

Ya miƙe ya zagaya bayan kicin. Ga turke, ga igiya, babu bunsurun da ya ɗauko tun daga Gwada.

A ƙofar Alfa ya same shi, ya ɗage ƙafafu yana cin fastar kansilan da ya ci zaɓe. Har ya gama da hula, ya gangaro hanci. Alfa na riƙe da ƙahonsa, yana ta kokawa da dariya.

"Malam Kambai, ka gani? Allah ne ya kawo shi."

"Allah ba ya kwance igiya, Alfa. Mutum ne ya kwance."

"To shi mutumin, wa ya sa masa abin a zuciya?"

"Za ka fara ko?"

"Ni? Bunsurunka ne ɗan adawa, dubi yadda ya yi da Honarabul."

Kambai ya waiwaya. Liyatu na can tana wanke shinkafa, ta ɗaga murya da waƙar coci fiye da kullum, ta ƙi yarda su haɗa ido. Muniratu matar Alfa na gefenta, har ta gama yanka albasa.

Ya dubi wuƙar, ya juya ta, ya miƙa wa Alfa ƙotar.

"Ban fa yarda da maganarka ba."

"Wa ya ce ka yarda? Riƙe min ƙafafunsa."