Iskar da Ashafa Ya Ɗura

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba Maiwada ya dawo garinsu Taba daga Ikko, da kunne ɗaya a toshe, da kuma wani tulun ƙarfe a cikin buhu. A tashar jiragen ruwa ya yi aiki, yana nutsewa yana duba gindin jirage. Tulun irin na iska ne da mai nutso ke goyawa a baya. Abokin aikinsa Ashafa, mutumin Ikara, shi ya cika shi da iska, amma kafin a shiga ruwa da shi zazzaɓi ya yi ajalinsa. Da aka sallami Maiwada saboda kunnen, ya roƙi tulun aka bar masa.

Matarsa ta rasu tun yana can, ba su haihu ba. A majalisa hirar gyaɗa da auduga ake yi, rabinta ma ba ya ji, sai ya rage fita. Da hantsi yakan zauna a ɗaki yana goge bawul ɗin da ke kan tulun, wato mabuɗin iskar. Bai taɓa murɗa shi ba, don ya san in iskar ta fita babu inda zai sake samun ta.

Wata rana da azahar, bayan girbi, wuta ta tashi daga murhun Lantana, matar ƙanensa Tukur. Ta ci danga ta haye jinkar ɗakin Maiwada. Maiwada ya taho da gudu daga gona, Tukur ya tare shi.

"Yaya, tulun nan naka zai fashe da mu?"

"Ba zai fashe ba. Ku dai ja baya."

Can sai wani huci mai ƙarfi ya tashi daga cikin wutar, mata suka watse. A jikin bawul ɗin akwai wani ɗan faifai siriri, an sa shi ne don in zafi ya matsa wa iskar ya yage, ta fice, kafin ƙarfen ya tarwatse. Maiwada ya juya kunnensa mai ji, ya tsaya yana sauraro har hucin ya mutu.

Da aka kashe wutar ya jawo tulun daga toka, ya yi baƙi ƙirin. Ya fara nuna wa Tukur inda faifan ya yage, yana so ya faɗa masa wanda ya ɗura iskar.

"Allah dai ya tsare, Yaya," in ji Tukur, ya wuce duba rumbunsa.

Washegari Maiwada ya ari lauje ya tafi fadama yankan shuci. Kowa na fama da nasa gyaran, shi kaɗai ya ɗaura sabuwar jinkar.