Zaren da Auta Ta Bari

Shagon telan yana gaban gidansa, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana shiga tsakar gida. Masu kawo masa ɗinki sun san shi da wata ɗabi'a: ba ya haɗa launi biyu a wuni guda. Idan yau ranar fari ce, ko me ka kawo sai ya jira ranarsa. Suna ɗauka tsabar tsari ne irin na tsofaffin teloli.

Gaskiyar ita ce idonsa ya daina ganin kafar allura. Yana ganin layin ɗinki, yana ganin alli a jikin yadi, hannunsa kuwa ko gezau ba ya yi. Amma wannan 'yar kafa ta ɓace masa, tabarau ma ya gaza. Autarsa ce take zura masa zare kowace safiya kafin ta tafi makaranta. Idan zaren ya tsinke da rana, sai ya koma yanka da guga har ta dawo. Bai yarda kowa a unguwa ya sani ba, don wa zai ba tela marar ido yadinsa?

Matarsa ta sani, amma ba ta da abin yi. Tun wata rashin lafiya da ta yi hannunta yake rawa. Rabonta da shagon tun ranar da kwalbar man keken ɗinki ta suɓuce mata a kan yadin mutane. Bai yi mata faɗa ba, ita ce ta hana kanta.

Sai ga Auta ta samu gurbin karatu a jami'a, a wani gari mai nisan wuni guda a mota. Yayyenta duk sun riga sun watse, kowa da inda aiki ya kai shi. Ranar tafiya, jakarta tana bakin ƙofa, ta durƙusa gaban keken ta zura baƙin zare.

"Baƙi ya fi yawa a ɗinkin da ke jira," in ji ta. "Baba, in abin ya gagara ka faɗa min. Sai in dawo, in nemi a ɗaga min zuwa baɗi."

"Ji min yarinya," ya ce. "Kafin a haife ki wa yake zura min?"

"Lokacin kana gani."

"Maza ɗauki jakarki, mota ba ta jiran mai surutu."

Uwar ta raka ta tasha. Da ta dawo ta shiga ɗakin Auta ta gyara shimfiɗar da take a gyare, ta daɗe a tsaye, sannan ta ja ƙofar.

Kwanakin farko tela ya yi ta ɗinkin baƙi, a hankali, kamar mai tafiya da cikakken kofi. Wanduna, siket-siket na 'yan makaranta, har da tsofaffin gyare-gyaren da ya daɗe yana kauce musu. Kullum da rana Auta takan kira, ta ce a bar wayar a kan teburi. Tana gaishe su, kunnenta yana kan ƙarar keken.

Wata safiya zaren ya tsinke. Ya lashi bakinsa, ya murza, ya nufi inda yake zaton kafar take. Ya yi ta yi har wuyansa ya ƙage. Ga kuma farar rigar wata ma'aikaciyar jinya a rataye, an yanka, alkawarinta ya kusa.

Da wayar ta yi ƙara matar ce ta kawo masa, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Lafiya lau muke," ya ce. "Ya karatu?"

"Baba, ban ji keke ba."

"Hutawa nake."

"Kai da ko ruwa sai an roƙe ka kake tsayawa ka sha? Ya tsinke, ko?"

Ya murza guntun zaren da ke hannunsa.

"Gobe da sassafe zan hau mota," in ji Auta.

Uwar ta karɓe wayar. "Ke, kada ki soma. Ba kin ce jibi kuna da gwaji ba?"

"Umma, in na zauna ma ba abin da yake shiga kaina. Malami yana magana ni ina tunanin allura." Ta kashe.

Suka kalli juna. Sun san 'yarsu: in ta dawo sau ɗaya za ta sake dawowa, daga nan sai jakar ta zauna gaba ɗaya.

"Bari in kira maƙwabci," in ji matar.

"Yau ya zura, gobe fa? Kuma kafin la'asar duk layin nan sun ji."

Ta dubi dokin ƙofar shagon kamar wani rafi ne za ta tsallaka. Sai ta shigo, ta jawo kujerar da masu jira suke zama, ta ajiye ta daura da keken, tana fuskantarsa. Ta cusa hannayenta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta don kada su taɓa komai.

"Malam, ni ina ganinta sarai. Ga ta can kamar ƙofar gari. Kawo farin zaren."

Ya bi da zaren ta duk inda yake bi, wannan hannunsa ya haddace. Da ya iso allura ya tsaya.

"Yi hagu kaɗan," ta ce.

Ya yi hagu.

"Hagu na ce!"

"Ai hagun na yi."

"To ka ƙara nisa. Wace irin hagu ce da kai?"

"Irin wadda aka haife ni da ita, Hajiya."

Sai da suka yi haka har ransu ya soma ɓaci kafin ta lura cewa tunda suna fuskantar juna, hagunta damarsa ce. Dariya ta kama ta har da riƙe ciki. Shi ma ya murmusa, ya cire tabarau ya goge.

"A bar hagu da dama," ta ce. "Ga taga, ga ƙofa. Matsa wajen taga. Kaɗan. Ya yi yawa, koma ƙofa. Tsaya nan! Ɗaga sama kamar ƙwayar gero. Tura."

Bakin zaren ya lanƙwashe. Ya datse shi da almakashi, suka sake. Ya sake lanƙwashewa. Ta ce ya sa farar takarda a bayan allurar, ya ce shekara nawa yana ɗinki ba a taɓa koya masa sana'arsa daga kujerar baƙi ba, amma ya sa. Can sai ta ja numfashi.

"Ya fito! Kama shi ta baya, kada ka sake!"

Yatsunsa suka lalubo ɗan bakin zaren, ya ja shi a hankali. Ya ɗauko farar rigar, ya daidaita ta, ya ɗora ƙafa. Ita kuma ta kira Auta ta ajiye wayar a kan teburi, ba tare da ko sallama ba. Keken ya yi ta sambatunsa.

"Wa ya zura?" in ji muryar Auta. "Maƙwabci kuka kira?"

"Kunna bidiyo ki gani," uwar ta ce.

Fuskar Auta ta bayyana, idanu a kumbure, jaka a buɗe a kan gado bayanta. Tela ya ɗaga almakashi yadda za ta gani, ya datse zaren da gangan.

"Baba!"

"Yi shiru ki kalli manya."

Taga, ƙofa, sama kaɗan, tura. Wannan karon bai ba su wahala sosai ba. Auta ta rufe baki da hannu, tana dariya tana share ido.

"Shekara da shekaru ina tashi da asuba, ashe kuna da wannan dabarar?"

"Mu ma yau muka san muna da ita," in ji uwar. "Zazzage jakar nan ina kallo."

Auta ta kife jakar a kan gado. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinta, wata murya ta kira ta. Ta waiga.

"Umma, 'yan ajinmu ne, za mu ɗakin karatu. Da na ce musu ba zan je ba. Sai anjima, ku gaida..." Hoton ya ɗauke.

Uwar ta zuba wa wayar ido. "Ko sallamar ba ta ƙarasa ba."

"Alhamdulillahi," in ji tela.

Ta yi ajiyar zuciya, ta zaro hannayenta daga ƙarƙashin cinya, ta bar su suna rawarsu a fili. "Alhamdulillahi," ta ce.

Ya gama farar rigar kafin azahar, ya rataye. Ta miƙe za ta koma ciki, ya ce, "Ina kuma za ki? Akwai wata jar riga can ƙasa, ta daɗe tana jiran ranarta."

"Yau ba ranar fari ba ce?"

"Miƙo min jan zaren."

Ta miƙa hannu kan kantar da zaruruwa suke. Zaren ya suɓuce, ya gangara ƙarƙashin teburi. Ya sunkuya ya ɗauko, ya hure ƙurar, ya gyara mata kujerar ta fi kusa da haske.